Shirun kwana uku da ya kusa yaudarata

Hoton allon waya abokiyar aikina ta turo mini, ko sallama babu. Farin shafi fes, sai layi biyu na Turanci a tsakiya suna cewa an sami matsala a ɓangaren saba, a duba rajistar saba don ƙarin bayani, ga kuma wata doguwar lamba a ƙasa. Bayan minti ɗaya saƙo ya biyo baya: "Malam, wannan ita ce ta huɗu a makon nan. Me zan ce mata?"

Ita ke amsa koke-koken masu amfani da manhajarmu, wata 'yar manhajar yin rajistar kwasa-kwasai da mu uku muke kula da ita. Ni ke rubuta kod ɗin. Na buɗe shafin a kwamfutata, lafiya lau. Na shiga da asusun gwaji, lafiya lau. Na koma rajistar saba, wato inda kwamfutar da ke ɗauke da manhajar ke rubuta abin da ya faru, ina neman lambar nan, sai na tuna tsarin da ni da kaina na zaɓa mana ba ya riƙe rajista sai ta ɗan gajeren lokaci, matar da ta kawo koken kuwa tun daren jiya abin ya same ta. Sawun ya riga ya goge. Amsar da na bayar ita ce wadda kowane mai kod ke bayarwa in ya rasa ta cewa: "Ki ce ta sake gwadawa." Har yau ina jin kunyar wannan jimlar.

A daren ne na yanke shawarar sa wa manhajar abin da zai riƙa kawo mini rahoton kurakurai da kansa, ba sai wani ya gaji ya ɗauki hoto ba.

Da Next.js, wani tsarin gina shafukan intanet, aka gina manhajar, kuma saba ce ke haɗa shafi kafin ya isa hannun mutum. Ga wanda bai saba da irin wannan ginin ba, kamar a kawo maka gida ne a gine, da fenti da ƙofofi, amma ba a ja masa wuta ba. Saba ta aiko da HTML cikakke, ido na ganin komai, sannan JavaScript ya sauka a burauza ya bi maɓallai ɗaya bayan ɗaya yana hura musu rai. Ke nan kod ɗaya yana gudu a wuri biyu. A wajenmu ma uku ne, domin akwai `middleware.ts`, wanda nake kira mai gadi, shi ke tare kowace buƙata a bakin ƙofa ya duba ko mutum ya shiga asusunsa, kuma a wani ƙaramin muhalli mai suna Edge yake aiki, wanda ba cikakken Node.js ba ne. Kuskure na iya faɗuwa a kowane ɗaya daga cikin ukun, kuma kowanne da yadda ake tsintarsa.

Doguwar lambar da matar ta gani ma da gangan aka yi ta. In kod ya fashe a saba, Next.js ba ya aika ainihin saƙon kuskuren zuwa burauza a manhajar da jama'a ke amfani da ita, don kada sunan teburin bayanai ko wani sirri ya zube a idon baƙo. Sai ya ba da wata lamba da yake kira `digest`, wadda za ka nema a rajistarka ka ga cikakken bayani. Dabara ce mai kyau, in dai rajistar na nan.

Ban ɓata lokaci wajen zaɓen abin da zai kawo mini rahoton ba. Akwai Rollbar, akwai Bugsnag, akwai GlitchTip wanda ke karɓar rahoto daga kayan aikin Sentry, amma Sentry na ɗauka saboda yana da kunshi na musamman don Next.js. Tsohon hannu ne a harkar, tun 2008 David Cramer ya fara shi a matsayin ɗan ƙaramin abin rubuta kurakuran Django. Na ɗan yi sha'awar girka shi a kan sabarmu don bayanan su zauna a hannunmu, sai na ga yana tafe da wasu manyan manhajoji, Kafka da ClickHouse da PostgreSQL da Redis, yana kuma neman RAM gigabayit 16. Abin da zai sa ido a kan manhajar ya fi manhajar kanta nauyi. Na haƙura na buɗe asusu a wajensu.

Girkawar ba ta kai awa ɗaya ba. Umarni guda ne, `npx @sentry/wizard@latest -i nextjs`, ya yi mini 'yan tambayoyi, ya ƙirƙiri fayil na saba, na Edge da na burauza, ya naɗe `next.config` da `withSentryConfig`, ya ƙara `global-error.tsx`, har ya gina wani shafin gwaji mai maɓallin jefa kuskure. Na danna maɓallin, cikin daƙiƙu rahoto ya bayyana a allon Sentry. Abu biyu na tsaya na fahimta da kyau a nan. Adireshin da ake kira DSN ba sirri ba ne, dole ma ya shiga burauza, aikinsa kawai ya nuna inda za a kai rahoto. Mabuɗin `SENTRY_AUTH_TOKEN` kuwa sirri ne, ba ya shiga Git, ma'ajiyar kod ɗinmu, kuma ba a taɓa sa masa `NEXT_PUBLIC_` a gaba, domin duk abin da ya fara da haka Next.js cusa shi yake yi cikin kod ɗin da kowa ke iya saukewa.

Na goge shafin gwajin, na ɗan gyara zaman fayiloli don su yi tsaf, na ɗora sabuwar siga, na kwanta da daɗin rai.

Kwana ɗaya, shiru. Kwana biyu, sai wasu 'yan rahotanni daga burauza, marasa nauyi. Daga saba ko ɗaya babu. A kwana na uku har na faɗa a taronmu cewa da alama abin bai kai yadda muke tsoro ba. Abokiyar aikina ba ta ce uffan ba, ta dai juyo mini da wayarta. Farin shafin nan ne, da sabuwar lamba, na safiyar ranar.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, kuma in ta kira ni haka na san ba girmamawa ba ce, "na'urar taka barci take yi ne?"

Ba barci take ba, ni na toshe mata kunne. Kod ɗinmu a cikin foldar `src` yake, kuma can aka ajiye `instrumentation.ts`, fayil ɗin da Next.js ke kira sau ɗaya in saba ta tashi, wanda ta cikinsa Sentry ke farkawa. Garin gyaran da na yi don komai ya yi tsaf, na kwashe shi na kai shi tushen aikin kusa da sauran fayilolin saiti, wai can ya fi dacewa. To in kana da `src`, cikin `src` ake neman sa. Babu gargaɗi, babu jan rubutu, manhaja na aiki kamar kullum, sai dai babu mai saurare. Shafin gwajin da zai tona mini asiri kuwa na riga na goge shi da hannuna.

Na mayar da fayil ɗin, na kuma duba na tabbatar layin nan yana ciki: `export const onRequestError = Sentry.captureRequestError`. Wannan ƙugiya ta zo ne da Next.js 15 a watan Oktoban 2024, ita ke miƙa kuskuren da ya faru lokacin haɗa shafi a saba ga duk mai son karɓa. Sannan na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na gina wuraren fashewa na dindindin, a ɓoye bayan shigar masu kula da manhaja: shafin da ke fashewa a saba, hanyar API da ke fashewa, fom da ke fashewa in an aika shi, maɓallin da ke fashewa a burauza, da wani adireshi da ke sa mai gadi tuntuɓe. Na gwada su a kan manhajar gaske, ba ta kan kwamfutata ba, domin halinsu ba ɗaya ba ne. Huɗu suka kawo rahoto. Na fom ya yi gum.

Wannan ma aikina ne. Shekara biyu ina rubuta `try` da `catch`, tarkon kuskure a cikin kod, in kama kuskure, in rubuta shi da `console.log`, in mayar wa mutum da "an sami matsala, a sake gwadawa". A ganina ladabi ne ga mai amfani. Amma kuskuren da ka kama ka haɗiye, babu na'urar da za ta gan shi, don a idonta komai ya tafi daidai. Na bi kod ɗin gaba ɗaya da binciken kalmar `catch`, na tsaya a kan kowanne ina tambayar kaina: wannan abin da ake tsammani ne, kamar mutum ya sa kalmar sirri ba daidai ba, ko kuwa alamar wani abu ya karye? Na biyun na sa musu `Sentry.captureException`. Yini guda cur na yi a kai, aikin da ya fi duk sauran gajiyarwa, kuma shi ya fi amfani.

Rahotanni suka fara shigowa, sai dai na burauza ba sa karantuwa. Za ka ga an ce `t` ba aiki ba ne da za a iya kira, a layi na 1, harafi na dubu arba'in da wani abu. Wane ne `t`? Kafin a saki kod ana matse shi ne, a cire sarari, a gajarce sunaye, fayil mai layi dubu ya koma layi ɗaya. Abin da ke mayar da shi yadda ka rubuta shi ne taswirar tushe, fayilolin nan masu ƙarewa da `.map`, kuma ana tura su ga Sentry ne a lokacin haɗa manhaja. A kwamfutata mabuɗin yana nan, a na'urar da ke haɗa mana sigar gaske kuwa ban sa shi ba. Da na sa, `t` ya koma sunan aikin da na sani, da lambar layi, da layukan da ke sama da ƙasa da shi. Na kuma tabbatar ana goge taswirorin bayan an tura su, don kada su zauna a fili kowa ya karanta kod ɗinmu kamar jarida. A nan ne na ɗaura kowace siga da lambar ajiyarta ta Git, ta yadda rahoto zai faɗa mini a wace siga matsala ta fara.

Sai kuma tsugune ba ta ƙare ba. Daga shiru muka faɗa ambaliya. Na kunna sanarwar imel ga kowane rahoto, kafin azahar akwatina ya cika, kafin mako na fara share su ba tare da na buɗe ba. Na tsorata da na kama kaina ina yin haka, domin wannan ma wani shirun ne, da hayaniya kawai aka lulluɓe shi. Ga kuma kaso: tsarin da muke kai yana da iyakar rahoton da zai karɓa a wata, in ya cika sai a fara mayar da sauran da lambar 429, na banza ya cinye wurin na gaske.

Na zauna na tsefe su. Wani kaso mai yawa ba namu ba ne sam. Akwai na ƙarin kayan da mutane ke girka wa burauzarsu, waɗanda adireshinsu ke farawa da `chrome-extension://`, na tace su da `denyUrls`. Akwai ƙorafin `ResizeObserver`, wanda kusan kullum ba ya cutar da kowa, na sa shi a `ignoreErrors`. Akwai mai cewa `Script error.` kawai babu ƙari, abin da burauza ke faɗa in kod ɗin wani gida daban ya fashe ta ƙi bayyana sirrinsa. Akwai kuma wanda ya ba ni dariya, `NEXT_REDIRECT`, yana zuwa duk sa'ad da wani ya yi rajista cikin nasara. Ashe `redirect()` a Next.js da jefa wani kuskure na musamman yake aiki, ni kuma na kira shi a cikin `try`, sabon `catch` ɗina mai ƙwazo yana cafke shi yana kai ƙara. Na fitar da shi waje, ƙarar ta mutu.

Ɗaya na kusa tacewa tare da su, Allah Ya sa na tsaya. React, kayan zana shafi da aka gina Next.js a kansa, in an matse shi ba ya rubuta dogon bayani, lamba yake bayarwa, kuma lambar da ta fi yawa a allona ita ce 418. Ma'anarta abin da saba ta zana bai yi daidai da abin da burauza ta zana ba a lokacin hura wa shafin rai. Wasu daga ciki fassarar shafi ce da burauza ke yi wa mutum ko wani ƙarin kaya ya taɓa HTML kafin React ya iso, waɗannan ba yadda zan yi da su. Amma na lura mafi yawansu a shafi ɗaya suke taruwa, na jadawalin darussa. Ruwa ba ya tsami banza. Na buɗe, sai ga `toLocaleString()` zaune a tsakiyar shafin. Agogon saba a kan UTC yake, wato lokacin GMT, wayar mutum kuwa a kan lokacin ƙasarsa. Saba ta rubuta ƙarfe tara, burauza ta ce ƙarfe goma, React ya ga saɓani ya watsar da abin da aka aiko ya sake zanawa. Ga mai kallo, ƙiftawa ce kawai. Amma a waya mai jinkiri ko intanet mai rauni, mutum na iya daɗewa yana kallon lokacin da ba nasa ba kafin ya gyaru. Nan take na tuna koken wani da ya ce ya zo darasi ya tarar an yi nisa, muka ɗauka shi ya yi sakaci. Na gyara ta hanyar faɗa wa `Intl.DateTimeFormat` yankin lokacin kwas ɗin ƙarara, a saba da burauza baki ɗaya, na kuma rubuta sunan yankin kusa da agogon.

Wani abin da na gani a cikin rahotannin bai yi mini daɗi ba ko kaɗan. Sentry ba ya tura adireshin IP ko kukis sai ka kunna `sendDefaultPii`, ni kuma ban kunna ba, na ɗauka shi ke nan na tsira. Sai na buɗe wani rahoto na ga lambar wayar wani bawan Allah zaune a kan take. Ni na sa ta. A wani wuri na rubuta saƙon kuskure da ke cewa ba a sami mai wannan lamba ba, na liƙa lambar a ciki don sauƙin bincike. A wani wurin kuma adireshin imel ne ke tafiya cikin adireshin shafi, yana biyo sawun abubuwan da mutum ya danna kafin fashewar. Dokoki irin su GDPR ta Tarayyar Turai, da ta fara aiki a 2018, suna da abin cewa a kan wannan, amma ko babu doka, mutumin bai ba ni lambarsa don in kai ta wani gida ba. Na goge rahotannin, na gyara saƙonnin, na rubuta `beforeSend` da ke share duk abin da ya yi kama da imel ko lambar waya kafin ya bar wajenmu. Yanzu lambar asusu ta cikin gida kaɗai nake haɗawa da rahoto. In ina son sanin ko wane ne, in duba rumbun bayananmu.

Tuntuɓe na ƙarshe gajere ne. Masu toshe talla sukan toshe hanyar Sentry ma, don haka na kunna `tunnelRoute`, wanda ke sa rahoton burauza ya biyo ta sabarmu tukuna. Sai rahotannin waɗanda ba su shiga asusu ba suka ɗauke ɗif. Mai gadina ne ke tare su yana tura su shafin shiga, kamar kowane baƙo. Wannan karon cikin minti goma na gano.

Matsalar da ta jawo duk wannan kuwa, ta bayyana ne kwana biyu bayan na mayar da `instrumentation.ts` mazauninsa. Rahoton ya ce an nemi `trim` a jikin `null`, wato an so gyara rubutun da babu shi, ya nuna fayil, ya nuna layi. Layin yana gyara sunan mahaifi ne kafin a nuna shi a shafin bayanan ɗalibi. Tsofaffin asusun da muka kwaso daga tsohon tsarinmu, wasunsu ba su da wannan suna, domin a lokacin ba dole ba ne. Asusun gwajina sabo ne, cike yake tsaf, shi ya sa ko sau ɗari na gwada ba zan taɓa gani ba. Makonni mata da maza suna cin karo da farin shafi saboda alamar tambaya guda da ban sa kafin ɗigo ba, wadda ke ce wa kod ya wuce in abin babu. Gyaran bai kai minti biyu ba, rubuta gwajin da zai hana shi dawowa ya ɗauki ashirin.

Sanarwar ma na rage ta. Yanzu abu uku kawai ke taɓa wayata: matsalar da ba a taɓa gani ba, wadda na ce na gyara ta sake dawowa, da wadda ta yi tsalle ta shafi mutane da yawa cikin ɗan lokaci. Sauran sai safiyar Litinin nake zama in duba su. Bayan kowace sabuwar siga kuma ina bin wuraren fashewar nan biyar ina dannawa, in jira rahoto biyar. In huɗu suka zo, ba na tashi daga kujerar.

Farin shafin ma ya tafi. Na rubuta `error.tsx` namu, mai ba da haƙuri da harshen mutane, da maɓallin sake gwadawa, da 'yar gajerar lambar rahoto da mutum zai iya kwafa ya turo.

A makon jiya wayata ta yi ƙara da hantsi: sabuwar matsala a shafin sauke takardar shaida, mutum biyu ta shafa, ta fara ne daga sigar da na ɗora da safe. Na mayar da tsohuwar siga, na ɗauki lambobin asusun biyu na tura wa abokiyar aikina, na ce, "Malama, waɗannan biyun za su iya kiran ki. Ki ce musu an gyara, su sake saukewa."

Ta daɗe ba ta amsa ba. Can sai ga saƙo: "Ɗaya ta riga ta kira. Na ce mata ta sake gwadawa."